Kiran Kyalla

Ranar da muryar Datti ta ɓace daga cikin waya, Hanne tana tsugune a gindin saniya da ƙwarya a tsakanin gwiwoyinta. Ta danna inda ta saba dannawa, hoton koren kan saniya, sannan na uku daga sama. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, can sai rubutu ya fito. Babu murya. Ta goge wayar da bakin zaninta ta sake dannawa. Ta ɗaga ta sama wajen gabas inda sabis ya fi ƙarfi. Rubutun nan dai ya sake fitowa, ita kuwa karatun bokonta bai wuce ta gane sunanta ba.

Datti mijinta ne. Da damina ya rasu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gona da 'yan shanu a bayan Gafasa. Fulani ne da suka daɗe da zama, tun kakansa suka daina yawo. A cikin shanun Kyalla ce mai nono sosai, baƙa ce mai farin goshi, ga ta da baƙin hali. Maraƙinta ya mutu tun yana ƙarami, irin waɗannan shanun kuwa ba sa sakin nono sai sun ji ɗansu a gindinsu. Datti ne kaɗai ya iya da ita. Yakan tsaya daga nesa ya kira ta, "War, Kyalla, war," wato zo, sai ya bi da wani ɗan gunguni a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne ba kuma magana ba. Tana ji sai ta taho ta tsaya, nono ya zubo.

Bayan an binne Datti babu wanda Kyalla ta yarda da shi. Ta harbi Barau, wan Datti, a ƙauri, har ya yi mako yana jan ƙafa. Ta zubar wa Hanne da ƙwarya ba sau ɗaya ba.

Abin da ya cece su wani ɗan bidiyo ne. Datti yana cikin ƙungiyar masu kai madara da ke da ofis a Gaya, kuma ƙungiyar ta sa wa kowa manhaja a waya, idan dabba ba ta da lafiya ka ɗauka ka tura wa likitan dabbobi. Wata rana Kyalla tana ɗingishi, sai ya ɗauke ta. A cikin bidiyon ba a ganin fuskarsa, sai inuwarsa a ƙasa. Yana cewa, "Likita, barka da asuba. Ga ta nan, bari in kira ta ka ga tafiyarta." Sai kiran, sai gungunin. Hanne tana cikin takaba ta ci karo da shi, ta zauna a bakin garke tana kunnawa tana kuka. Ba ta ankara ba sai ta ji numfashin saniya a wuyanta. Tun daga ranar, safe da yamma, da muryar mamaci ake tatsar Kyalla.

Yau ga shi babu. Kyalla ta juyo ta dube ta, ta kaɗa kai, ta yi gaba abinta.

Da yamma ma haka. Washegari da safe hantsar ta yi tam, ta ɗau zafi, saniyar tana kuka tana zagaya turke. Barau ya zo ya tsaya daga nesa, don bai manta da ƙaurinsa ba.

"Hanne, ki dube ta da kyau," ya ce. "In hantsar nan ta lalace, mahauci ma sai ya yi mana yanga. Dukiyar marayu ce, ba tawa ba ce ba taki ba ce. Jibi kasuwar Ajingi. Na yi magana da dillali."

"Yaya, ka ba ni yau da gobe."

"In ba ki ki yi me? Ki kama aljanin da ke cikin waya?"

"Zan je Gaya."

"Ki je. Amma jibi da sassafe igiya na wuyanta, kada ki ce na zalunce ki."

Hanne ta san ba mugunta ba ce. Gaskiya ya faɗa. Ta ɗaura wayar a bakin zani, ta yafa mayafi. Makon jiya ta fita daga takaba, wannan ce tafiyarta ta farko da ta wuce rijiya. A kan babur duniya ta yi mata faɗi, ana ta girbin dawa, mutane suna harkokinsu kamar ba a yi komai ba.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne a bayan kasuwar Gaya, da manyan tulunan ƙarfe na madara jere a baranda. A ciki ta tarar da wata yarinya mai gilashi a gaban kwamfuta, da wani dattijo mai ƙiba yana cin gyaɗa. Dattijon shi ne Maiwada, shugaban ƙungiya. Yarinyar kuwa Khaula, ita ke kula da duk abin da ya shafi manhajar.

Suka gaisa. Hanne ta kwance wayar ta ajiye a kan tebur.

"Maganar da ke ciki ce ta tafi," ta ce.

"Wace magana, Inna?"

"Ta maigidan."

"Yaya sunansa?"

Hanne ta sunkuyar da kai. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba, ba kuwa za ta fara yanzu da yake kwance a ƙasa ba.

"Baban Muhsina," ta ce.

"Inna, sunansa na yanka nake so, da shi zan duba."

"Na Gafasa. Dogo. Mai baƙar saniya."

Maiwada ya kwashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. "Ke Khaula, kina so ki sa Bafulatana ta faɗi sunan miji? Ai sai mu kwana a nan. Mu Barebari da muka saye su mun san halinsu." Ya matso ya leƙa fuskarta, sai dariyar ta tsaya. "Subhanallahi. Iyalin Datti ce. Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta. Ki yafe ni, ban gane ki ba."

"Amin," in ji Hanne. Sannan ta ce, "Kuma ba a taɓa sayenmu ba. Ku ne dai kuke bin mu da ƙoƙo kuna roƙon nono."

"To, alhamdu lillahi, bakin yana nan," in ji Maiwada. Ya janyo mata kujera.

Ta ba su labarin Kyalla tun daga farko. Khaula ta cire gilashinta ta riƙe a hannu.

"Inna, ni na yi wannan aikin," ta ce. "Bari in gaya miki yadda abin yake. Bidiyon nan ba a cikin wayar yake ba. Yana cikin wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa, haya muke yi. Duk sanda kika danna, daga can ake aiko miki da shi, ki gani, ya tafi. Gobe a sake aikowa."

"Safe da yamma? Daga wata ƙasa?"

"Safe da yamma."

"Ikon Allah. Shi da ko Kaduna bai taɓa zuwa ba."

"Da can masu tallafa mana ne ke biyan hayar," in ji Maiwada. "Bana suka ce mu tsaya da ƙafafunmu. Da na ga abin da ake cira daga kuɗin madarar mutane, sai da na sha maganin hawan jini. Na ce da yarinyar nan, ko ki rage, ko mu koma aike da baki."

"Ba kuɗin kaɗai ba," in ji Khaula. "Injinan nan wuta suke ci dare da rana, ga wasu injinan da ke yi musu fifita don kada su ƙone. Wutar kuma mai da gawayi ake ƙonawa a samo ta, hayaƙin ya tafi sama ya ƙara mana zafi. Da na duba, sai na ga muna da injina a kunne tsakar dare, ba mai tatsa ba mai tura saƙo. Na sa su riƙa kashe kansu. Na ga hoton saniya ɗaya mutum ya tura shi sau da yawa don sabis ya ƙi, duk an ajiye. Na bar ɗaya. Sai tsofaffin kaya. Su kuma na raba su gida biyu."

Hanne ta gyara zama. Ta gane nan ne maganarta take.

"Wanda ya daɗe bai kawo madara ba, amma sunansa yana nan, na kwashe kayansa na kai wata ma'ajiya mai araha. Can ba a kunne suke ba, barci suke yi, kusan ba sa cin wuta. In ana so sai a tashe su. Mun tura sanarwa a waya."

"Rubutu?"

"Rubutu," in ji Khaula, a hankali.

"Madararmu ba ta yanke ba," in ji Hanne. "Ina takaba ne, matar Yaya ke kaiwa."

"Da sunan wa?"

"Da sunan Yaya."

"Shi ya sa. A wurina sai ya zama kamar mai wayar nan ya daina."

"To ɗaya gidan fa? Kin ce biyu."

Khaula ta dubi Maiwada. Maiwada ya dubi gyaɗarsa.

"Wanda ya fita daga ƙungiya, ko ya rasu 'yan'uwansa suka zo suka cire sunansa, shi an goge nasa. Haka kwamiti ya yanke. Inna, akwai wanda ya zo ya cire sunansa?"

Hanne ta tuna sarai. Bayan addu'ar arba'in Barau ya sa babbar riga ya ce zai je Gaya ya sanar, ya dawo da yamma ya ce an gama.

"An zo," ta ce. "Wansa ya zo."

Khaula ta mayar da gilashinta ta juya ga kwamfutar. Hanne ba ta kalli allon ba, ba abin da za ta gane. Fankar sama take kallo, wadda ba ta juyawa. Ta ce a ranta, shi ke nan, an binne shi sau biyu. Ta fara tunanin yadda za ta tsaya a ga an ja Kyalla, ko kuwa ta shige ɗaki har su wuce.

"Datti Abdulmuttalib, Gafasa," in ji Khaula. "Ga shi nan."

"Ina?"

"Sunansa yana nan, Inna. Ba wanda ya cire shi. Kayansa suna ma'ajiya, ba abin da ya taɓa su."

"Ki duba da kyau, 'yar nan. Kada ki faranta mini a banza."

"Wallahi ga su. Ga ma na saniyar mai ɗingishi, da ranar da ya turo."

Hanne ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ba kuka mai ƙara ta yi ba, kafaɗunta ne kawai suke rawa. Maiwada ya fita baranda ya hau faɗa da wani a kan tulun da ba a wanke ba, don ya ba ta wuri.

Da ta natsu ta ce, "To kunna mini."

"Ba zai yiwu yanzu ba. Araharsa ke nan, ba ya tashi nan take. Na riga na aika a tashe shi, amma sai cikin dare ko gobe da asuba zai fito."

"Jibi za a kai ta kasuwa."

"Gobe yana hannunki in Allah Ya yarda. Ki bar mini wayar. A-daidaitar da ke kwasar madara tana bi ta wajenku da safe, ni da kaina zan biyo ta."

Barin wayar ya yi mata wuya. Ta ɗauka, ta ajiye, ta sake ɗauka. Daga baya ta tura ta gaban Khaula da yatsa biyu.

"Kada ki bari ta faɗi. Murfin bayan ba ya kamawa."

Ta iso gida rana ta yi sanyi. Ta dafa ruwa ta gasa wa Kyalla hantsa da tsumma, Muhsina tana riƙe da igiyar dabaibayi, suka samu suka matse ɗan abin da ya rage mata zafi, shi ma da harbi da komai. Barau yana zaune a kan turmi yana gyara fartanya.

"Yaya," ta ce, "ashe ba ka cire sunansa ba."

Bai ɗago ba. "Wa ya ce?"

"Na gani a Gaya. Yarinyar ta gani."

"Layi ne ya yi tsawo ranar."

"A ofishin da ba ya ɗaukar mutum biyar?"

Ya buga ƙotar fartanyar a ƙasa, ya sake bugawa, ko da yake ta riga ta zauna.

"Na je har ƙofa," ya ce. "Na ga tulunan. Shi ya fara kai ni wurin, a bayan kekensa. Sai in shiga in ce wa wata yarinya ta goge ƙanena? Na sha shayi a tasha na dawo. Ki gaya wa duk wanda kika ga dama."

"Ba wanda zan gaya wa. Allah Ya yi maka albarka da shayin nan."

"Kada ki ɗauka na fasa maganar kasuwa," ya ce, yana share hanci da hannun riga. "In gobe ba ta saki ba, tafiya za ta yi."

"Na ji."

Ta yi barci a daren, abin da ba ta zata ba.

Hantsi ya fara ɗagawa ba a ga a-daidaita ba. Matan da ke jiran kai madara sun gaji da tsayuwa sun zauna a gindin tsamiya. Kyalla ta daina kuka, ta tsaya kawai kanta a ƙasa, abin da ya fi tayar wa Hanne da hankali. Barau ya zo ya wuce, ya sake dawowa ya wuce. Sai can aka ji ƙarar tuluna suna karo da juna daga wajen hanya. Taya ce ta yi faci a hanya. Khaula ta sauko daga tsakanin tulunan, gefen hijabinta duk madara, takalminta na ofis yana nutsewa a cikin yashi.

"Inna, ina kwana. Na kawo shi."

"Ya tashi?"

"Tun asuba. Kuma ba zai sake tafiya ba. Na saukar da shi cikin memorin wayar, na ajiye miki shi a fuskar farko, ga shi nan, dannawa ɗaya. Duba, na kashe data gaba ɗaya. Ko babu sabis zai yi. Ba sauran aikowa daga wata ƙasa, ba sauran sayen kati saboda shi."

"Wato yanzu a gida yake."

"A gida yake. Zan kuma sa wani a wayar Baffa Barau in ya yarda, ko da wannan ta faɗa ruwa."

"Ni kada a sa mini komai," in ji Barau daga bayan danga. Sannan ya miƙo wayarsa ta saman dangar.

Hanne ta wanke hannu ta ɗauki ƙwarya. Matan gindin tsamiya suka taso suka yi cirko-cirko a bakin garke, ta juya ta ce su matsa, ba wasan biki ake yi ba. Ta tsuguna daga nesa kaɗan, inda yakan tsaya. Ta yi bisimilla ta danna.

"Likita, barka da asuba. Ga ta nan, bari in kira ta ka ga tafiyarta."

Kunnuwan Kyalla suka miƙe.

"War, Kyalla, war."

Ta ɗago kai. Ta tsaya kamar mai fushi da wanda ya yi tafiya bai sallame ta ba. Gungunin ya biyo baya, ƙasa-ƙasa. Sai ta taho, tana buɗe ƙafafun baya saboda nauyin hantsa, ta zo ta tsaya a gaban Hanne ta saki dogon numfashi. Hanne ta ajiye wayar a kan dutse, ta jingina goshinta da cikin saniyar, ta kama nonon. Na farko ya fito da kauri, ta zubar a ƙasa. Na biyu ma haka. Daga nan nono ya zubo fari tas, yana buga gindin ƙwarya da ƙara, har ƙarar ta koma taushi da kumfa ta taso.

Ƙwarya ta cika, Muhsina ta kawo wata.

Khaula tana tsaye a bakin danga, ta manta da takalminta da ya cika da yashi. Da Hanne ta miƙe, ta matso ta ce, "Inna, akwai sauran nasa a can. Na kaska, na wata tunkiya, da wanda yake faɗa a kan an rage masa awo. In kina so in tashe su duka in kawo miki."

Hanne ta goge hannu a zaninta.

"Suna cin wutar nan da kika ce?"

"Kaɗan ƙwarai, in dai suna barci."

"Ba kuma za a goge ba?"

"Ba za a goge ba. Zan mayar da su ƙarƙashin sunanki, ke ce mai cewa a yi ko a bari. Na kuma gaya wa shugaba, daga yau sanarwa da murya za mu riƙa turawa."

"To ki bar su su yi barcinsu. Ba zan iya da su duka yanzu ba. Wannan ma da ƙyar nake ɗauka." Ta juya wajen danga. "Yaya, dillalin naka fa?"

"Wane dillali?" in ji Barau. "Mutumin da ko kuɗin waya ba shi da shi. Ke dai ki tace madarar nan, mota ba za ta jira ki ba."

Mai a-daidaita ya danna oda. Hanne ta ce ya yi ta dannawa, baƙuwarta ba za ta bar gidan nan ba sai ta sha fura.